Carbi a Jikin Madubi

Duk wanda ya kwana biyu a unguwar New Bell ta Duwala ya san rantsuwar Hajiya Mairama mai atamfa. Ba a ɗaki ta yi ta ba. A tsakar gida ta yi ta, gaban mata sun fi arba'in, ranar sadakar bakwai ɗin ɗanta Mahmudu: muddin tana numfashi, namijin da ke hawa babur ba zai auri 'yarta ba.

Kuma ba wanda ya ga laifinta. Mahmudu shi kaɗai ne ɗanta namiji, babur ne ya kai shi ƙarƙashin tirela a Ndokoti. Kwana biyu ya yi a asibiti bai san wanda ke kansa ba, rana ta uku ya cika. Ita ce ta zauna kusa da gawarsa a motar da aka yi haya ta kawo shi gida, awa biyu cur cikin cunkoso, tana jan carbi tana ja, har igiyar ta tsinke a hannunta. Abin da ta iya tsinta ta tsinta. Har yau 'ya'yan carbin nan suna cikin wani kofin shayi a kan kabad ɗinta. Ba ta sake zarge su ba, ba ta kuma yarda kowa ya taɓa.

To, shekara uku bayan haka, cikin duk mazan Duwala, wa zuciyar 'yar tata Naja'atu za ta je ta ɗauko? Ɗan bensikin! Mai ɗaukar fasinja a babur daga safe har magariba. Zuciya dai ba ta da ƙashi, jama'a, kuma ba ta da kunne.

Jibirin sunansa, ɗan unguwar Grand Hangar ne, can Bonaberi, tsallaken gadar kogin Wuri. Dogo, baƙi, mai kunya kamar sabuwar amarya, ba ya shan komai sai shayi. Shekara ɗaya da rabi yana zarya shagon ɗinkin Naja'atu, yana ajiye babur layi biyu baya ya ƙarasa da ƙafa, wai don kada Hajiya ta sani. Kamar a New Bell ana ɓoye abu! Kafin injin ya huce, Kulsum mai ƙosai ta riga ta kai rahoto har da launin hular kwanonsa.

Ga kuma Sirajuddeen, ɗan ƙawar Hajiya. Aikin ofis yake a tashar jiragen ruwa, gidansa a Makepe, unguwar masu hali, motarsa kuwa in ya buɗe ƙofa sanyi ke fara fitowa ya gaishe ka kafin shi. Hausarsa rabi ce, sauran rabin Faransanci. Ba shi da wani aibu da za a nuna da yatsa. Naja'atu dai cewa ta yi in yana mata zance, ji take kamar ana karanta mata takardar kuɗin wuta.

Da kuka ya yi kuka har Naja'atu ta fara iyo a cikin rigunanta, baffanta Malam Amadu ya sa baki. Da ƙyar Hajiya ta sassauta.

"Ni ba talaucinsa na ƙi ba," in ji ta. "Uban Naja ma da tiren goro a ka na aure shi. Babur na ƙi. Ya sauka daga kansa, ya zo mini da mai ƙafa huɗu, ko ta katako ce, kafin watan nan ya ƙare. In wata ya ƙare bai zo ba, mutanen Sirajo za su kawo goro, kuma kada wanda ya ƙara zuwar mini da hawaye."

Washegari Jibirin ya sayar da babur. Ya haɗa da adashensa, ya haɗa da agogon da mahaifinsa ya bar masa, duk abin bai kai miliyan ɗaya na sefa ba. Da wannan ya shiga garin Duwala neman mota, a tsakiyar damina, da ƙafa.

Mako biyu yana yawo wuraren okaziyo, inda ake sayar da tsofaffin motoci. In ya faɗi abin da ke aljihunsa, wasu su yi dariya, wasu su tambaye shi ko tayoyi kawai yake so. An nuna masa wata da kana zaune kana kallon kwalta ta ƙarƙashin ƙafarka. An nuna masa wata mai kyau, amma mai ita ya mutu, 'ya'yansa bakwai kowa na riƙe da takarda ɗaya yana zagin sauran. An nuna masa wata da ambaliya ta kwana a cikinta, da ya buɗe ƙofa kwaɗo ya yi tsalle ya fito kamar shi ne direba.

Saura kwana takwas wata ya ƙare, Ɗanlami dillali ya tare shi a wurin mai shayi.

"Kai ne mai neman mota don aure? Taso. Uwarka ta yi maka addu'a."

Ya kai shi wani fili a bayan Ndokoti, wurin da aka kewaye da tsofaffin kwanuka. Can ƙarshe, ƙarƙashin mangwaro, ga ta nan: doguwar mota mai buɗaɗɗen baya, shuɗiya kamar sararin sama, fenti sai ƙyalli. Tayoyi da sauransu. Gilasai duk lafiya. Kujerar baya ce kawai launinta ya sha bamban da na gaba, kamar daga wata motar aka ciro ta.

Da Ɗanlami ya faɗi kuɗin, Jibirin ya ɗauka bai ji daidai ba.

"Me ya sa take da araha haka?"

"Kai, maigida! Allah ya ba ka, kana tambayar dalili? Mai ita tsoho ne, zai koma ƙauye. Ga takardu, tsaf, karanta da kanka. Wallahi motar nan tunda take ba ta taɓa gudu ba, a hankali take tafiya kullum. Kuma duk wanda ta ɗauka bai taɓa dawowa da ƙorafi ba."

A nan dai, a faɗi gaskiya, Ɗanlami bai yi ƙarya ba.

Lokacin cin abinci ne, makanikan filin duk sun hau kan motoci suna cin wake da biredi. Kowace mota da mai zama a kanta, ban da wannan, ga ta kuma ita ce a inuwa. Jibirin ya ga haka da idonsa. Ya ga ma ɗaya daga cikinsu ya kalle shi ya girgiza kai. Amma wanda ya ƙirga kwana takwas a gabansa, ido na gani zuciya na rufewa. Sau uku aka murza makulli kafin ta tashi. Ya biya.

Kai tsaye ya wuce da ita garejin Halilu a Bonaberi, abokin yayansa, wanda ya tsufa a ƙarƙashin motoci. Halilu ya saurari injin, ya ce ba laifi, batir ne ya gaji, in ta ƙi tashi a tura, in kuma ta kama kada ya kuskura ya ɗaga ƙafa daga totur. Sannan ya zagaya ya ɗaga ƙofar baya, ya yaye tabarmar roba.

Ya daɗe a sunkuye.

"Zo nan, ƙanena. Me ka gani?"

"Ramuka."

"Layi nawa?"

"Biyu."

"Daga ƙofa har bayan direba, a miƙe. Wurin ƙarafa ne, waɗanda ake tura akwati a kai." Ya jiƙa babban yatsa da fetur ya murza jikin motar. Shuɗin ya biyo yatsan, baƙi wuluk ya leƙo daga ƙasa. "Korbiyar ce, Jibirin. Motar gawa ka sayo."

Jibirin ya ji ƙasa ta yi masa nisa. Ya dafa motar, ya tuna, ya janye hannu, ya ji kunyar janyewar, ya mayar.

"To ai mu Musulmi ne, Yaya Halilu. Gawa ba ta bin mutum. Makara ma ai itace ce."

"Ni kake wa wa'azi? Ni ko a cikinta sai in yi barci. Je ka gaya wa fasinjan Duwala. Je ka gaya wa surukarka."

Ya kira Ɗanlami, waya a kashe. Ya koma filin, ƙofa da kwaɗo. Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa, sai dai shi wannan bawan Allah ya ɗauka kwano ya saya.

Washegari da la'asar ya haye gada a motar haya, ya bar tasa a gareji. Ruwa na dukan kwanon shagon kamar ana watsa tsakuwa. Naja'atu ita kaɗai ce a kan keke, tana kai bakin wani zane.

"Yaya Jibirin! Ka samu?"

"Na samu."

"Alhamdu lillahi! To ina take? Me ya sa fuskarka kamar wanda aka aiko da saƙon rasuwa?"

Ya zauna a kan benci, ya kalli ƙafafunsa da suka yi kaca-kaca da laka, ya gaya mata komai. Keken ya tsaya da kansa.

"Maimaita."

"Motar gawa ce, Naja. Fenti aka yi mata."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Duk motocin Duwala, Jibirin? Duk motocin da suka cika Ndokoti har mutum ba ya samun wurin taka ƙafa?"

"Ita kuɗina ya kai."

"Mayar da ita."

"Wa zan mayar wa? Dillalin ya ɓace."

"Sayar da ita."

"Da akwai mai saye, da ba ta zauna tana jirana ba."

"Babur ɗin fa?"

"Na gan shi ɗazu a kan gada, wani ya ɗora masa buhunan rogo. Ko kallona bai yi ba."

Ta so ta yi dariya, sai kuka ya riga. Ta kifa kai a kan zanen mutane tana jiƙa shi. Shi kuma ba halin ya taɓa ta, ba halin ya tashi.

"Zan je in gaya wa Mama gaskiya," ya ce. "In ce na sauka daga babur kamar yadda ta ce, an cuce ni, ta ƙara mini wata biyu."

Ta ɗago da sauri.

"Ka san abin da kake faɗa kuwa? Mama in ta hango baƙar mota mai labule a titi, juya baya take ta tsuguna a bakin kwata har ta wuce. Shekara uku ba ta bi ta Ndokoti ba, gara ta biya kuɗin zagaye. Ni nake kwana ɗakinta, ni na san sunan da take kira a cikin barci. Ka je ka ce mata da kuɗin aurena ka sayi motar gawa?"

"Naja, abin da aka gina a kan ƙarya..."

"Ban ce ka yi ƙarya ba! Cewa na yi ka yi shiru. Shiru ƙarya ne? Ta ce ƙafa huɗu, ga ƙafa huɗu. Ta tambaye ka tarihin mota ne?"

"In ta tambaya fa?"

"Ba za ta tambaya ba. Me ta sani a mota ban da launi? Baƙa take tsoro, wannan shuɗiya ce." Ta share ido da bayan hannu, wasu suka sake zubowa. "Kwana bakwai ya rage, Jibirin. An riga an kawo wa Mama samfurin leshi daga gidan su Sirajo, na gani a ƙarƙashin gado. Ko so kake ka gan ni a Makepe, ina shan sanyin mota, ina mutuwa a tsaye? A ɗaura tukuna. In an ɗaura, ka kai ta bakin Wuri ka tura ta ruwa. Wallahi ni zan taya ka turawa."

"Naja..."

"Rantse ba za ka faɗa ba."

Bai rantse ba. Kai kawai ya gyaɗa. Amma a wurin mace mai kuka, gyaɗa kai ai ya fi rantsuwa ɗaurewa.

Kwana uku yana wankin motar nan. Ciki da sabulu da soso, waje kuwa da tsumma a hankali, don kada shuɗin ya bi ruwa. Ya toshe ramukan, ya shimfiɗa sabuwar tabarma, ya turara ta da turaren wuta har maƙwabta suka tambaya ko amarya aka kawo. Rana ta uku ya ciro tayar ajiya daga raminta na baya don ya share ƙarƙashi. A cikin ƙura da busassun furanni ya ji wasu abubuwa suna gangarawa a yatsunsa.

'Ya'yan carbi ne. Baƙaƙe, da ɗigon azurfa a jikinsu, guda goma sha ɗaya. Tare da su da dogon kan carbin, an ɗan ciccije shi a gefe kamar ɓera ya gwada haƙori.

Da wani ne, da ya haɗa da shara ya watsa a kwata. Amma Jibirin gidan malamai ya tashi, abin da aka ambaci sunan Allah da shi ba ya zuwa bola. Har ma daɗi ya ji. Ya ce a ransa, ashe wani Musulmi ya taɓa yin tasbihi a motar nan, to ba ta rasa albarka ba. Ya wanke su ɗaya bayan ɗaya, ya zarge su a koren zare, ya rataya a jikin madubin gaba.

Da ya nuna wa kowace mace a New Bell, ko makauniya ce, da ta fizge ta ɓoye a haɓar zane. Amma shi ɗan tsallaken gada ne. Labarin kofin shayi bai taɓa haye ruwa ba, Naja'atu kuwa ba ta cika son ɗauko zancen ranar ba.

Ranar Asabar, saura kwana biyu wata ya ƙare, bayan azahar ruwa ya ɗauke. Jibirin ya sa farar shadda, ya shigo layin su Hajiya a hankali yana kauce wa ramuka, ya tsaya daidai ƙofar gida ya kashe.

Kafin ya fito layi ya cika. Kulsum ta bar ƙosai a wuta. Mata na leƙe ta saman katanga, maza sun taso daga inuwar masallaci. Naja'atu na tsaye a bakin zaure, ta ja gyale har goshi, leɓenta na motsi. Sirajuddeen ma yana nan, wai ya kawo wa Hajiya maganin hawan jini ne. Ranar Asabar ɗin nan dai ya ga ya dace ya kawo.

Ya zagaya motar, hannu a aljihu, ya ƙwanƙwasa bayanta da makullinsa.

"Félicitations, mon ami, na taya ka murna. Doguwa ce, ka ga. Irin waɗannan, ni aiki ɗaya na san suna yi a Duwala." Ya yi murmushi. "Amma ça va, ba komai, mota mota ce."

Gumi ya karyo wa Jibirin a bayan wuya. Allah ya taimake shi, guɗar Kulsum ta danne maganar, don ga Hajiya Mairama ta fito.

Ta tsaya ta kalli motar daga gaba har baya. Ta kalli Jibirin, wanda ya tsuguna har shaddarsa na shan laka.

"Ka sayar da shi?"

"Na sayar, Mama."

"Ba aro ka yi ba?"

"Ga takardu, da sunana."

Fuskarta ta ɗan saki, abin da aka daɗe ba a gani ba. Malam Amadu ya buɗe ƙofar gaba ya ce, "To Hajiya, sabon abu uwa ce ke fara shiga. A sa masa albarka."

Ta yi bisimilla ta shiga, ta gyara zama, ta ɗaga hannuwa. Jama'a suka ɗaga nasu. Jibirin na tsugune a bakin ƙofar.

"Allah ya tsare hanya."

"Amin!"

"Allah ya kare ka daga sharrin ƙarfe."

"Amin!"

"Allah ya sa abin da za ta ɗauka..."

Aka jira. Hannuwa na sama, baki na shirin amin, amma addu'ar ba ta ƙarasa ba. Idon Hajiya na kan madubi.

Ta miƙa hannu a hankali, kamar mai tsoron kada abin ya tashi. Ta sauke zaren. Ta bi 'ya'yan da yatsa har ta kai dogon kan, ta tsaya a nan tana shafawa.

"Ina ka samo wannan?"

"A cikin motar na tsinta, Mama, ƙarƙashin tayar baya. Na ga abin ibada ne, shi ya sa..."

"Haƙora huɗu ne," ta ce, ba da shi take ba. "Biyu sama, biyu ƙasa. Watansa tara. Ubansa ya dawo mini da shi daga Makka, na ajiye a kan sallaya, na juya in sauke tukunya. Kafin in dawo ya kai baki. Har na ɗaga hannu zan make shi, sai ya yi mini dariya."

Wata mata a saman katanga ta ce, "Wayyo Allah, carbin kofi!" Maganar ta bi layi kamar wuta a busasshiyar ciyawa. Naja'atu ta dafe bango.

Hajiya ta juya ta kalli bayan motar. Ta daɗe tana kallo.

"Wannan kujerar babu ita a ranar. A nan kansa yake. Ni ina can gefe, a kan wani ɗan benci. Duk ramin da muka faɗa sai kansa ya bugi ƙarfe, ina sa hannu ina tarewa, ina ce wa direba ya bi a hankali, zai ji ciwo." Ta shaƙi iska. "Ka yi mata turare. Ka kyauta."

Ta juyo ta kalle shi.

"Jibirin."

"Na'am, Mama."

"Ka san abin da motar nan take ɗauka?"

Ta saman kafaɗar Malam Amadu ya hango idon Naja'atu. Duk layin ya ji abin da idon ke roƙo. Kalma ɗaya ce, a'a, kuma ba mai iya ƙaryata shi, Ɗanlami ya ɓace, Halilu na tsallaken gada. Ya buɗe baki. Ya kalli carbin a hannun tsohuwar. Kalmar ta ƙi fitowa.

"Ranar da na saya ban sani ba. Kafin rana ta faɗi na sani."

"Ka sani, ka bari na shiga."

"Wallahi ban san ita ce ta ɗauko Mahmudu ba, da na..."

"Kada ka kama sunansa." Ba ta ɗaga murya ba. "Ita fa? Ta sani?"

"Ita ba ta..."

"Na sani, Mama." Naja'atu ta matso, gyalen ya zame, hawaye har wuya. "Shi ya so ya gaya miki, ni na hana shi. Ni ce. Ki yi mini duk abin da za ki yi, amma shi bai..."

"Ke da kike kwana ɗakina."

Iyakar abin da ta ce mata ke nan, kuma da mari ta yi mata da ya fi sauƙi.

Ta fito daga motar ba ta yarda kowa ya kama ta ba. Ta tsaya a kan Jibirin, carbin a dunƙule a hannunta.

"Na ce ba na son babur don kada a sake tsayar mini da motar gawa a ƙofar gida. Kai kuma ka ga bari ka hutar da mutane, ka kawo ta tun da wuri." Ta juya. "Malam Amadu, a gaya wa mutanen Sirajo su kawo goronsu ranar Juma'a. Kai kuma fitar mini da ita daga layin nan."

Sirajuddeen ya cire tabarau yana gogewa, idonsa a ƙasa. Shi ma dai, a ba shi haƙƙinsa, murmushin ya gudu.

Jibirin ya shiga ya murza makulli. Motar ta yi tari ta yi shiru. Ya sake. Ya sake. A karo na huɗu ko tarin ba ta yi ba.

Ba wanda ya roƙi kowa. Maza shida suka fito daga cikin jama'a, uku ta dama uku ta hagu, suka dafa ta suka fara turawa. A hankali, saboda laka. Ba mai magana. Mutane suka dare biyu suka ba su hanya, wasu har da sunkuyar da kai ba su san sun yi ba. Malam Abdurrahim, tsohon ladan da idonsa ya yi rauni, yana zaune a bencinsa na bakin masallaci. Da ya hango doguwar mota na tahowa a hankali, maza na gefenta shiru, sai ya dogara sanda ya miƙe tsaye.

"Inna lillahi. Wa aka rasa?"

Aka wuce shi ana turawa.

A madubin da babu komai a jikinsa yanzu, Jibirin ya ga an ƙaru. Naja'atu ce, ba gyale, takalmi ɗaya, ta sa tafin hannu a bayan motar tsakanin maza tana turawa. Ta ce za ta taya shi, ga shi tana tayawa.

"Naja'atu."

Muryar Hajiya ce daga bakin zaure, a kwance, amma ta kai ƙarshen layi.

"Mace ba ta bin gawa. In kin wuce famfon nan, ki bi ta har inda za ta."

Famfon unguwa na gaba kaɗan, taku goma bai cika ba. Hannun Naja'atu bai ɗaga ba. Taku bakwai. Taku biyar. Layin ya ɗan gangara, motar ta ƙara sauri, wani ya yi ihu, "Saki kuloci!" Jibirin ya saki. Ta yi tsalle, ta yi gurnani, ta kama, ta fizge daga hannun kowa ta wuce famfon ita kaɗai.

Ya tuna: kada ka ɗaga ƙafa, in ji Halilu.

Ya kalli madubi. Tana tsaye daidai gindin famfo, hannunta na nan a sama yadda motar ta bar shi, tafin ya yi shuɗi. Taku ɗaya ya rage mata.

Ya ɗaga ƙafa ya taka birki. Motar ta mutu a tsakiyar layi. Ya miƙa hannu ya buɗe ƙofar gefe, ya bar ta a buɗe, ya jira.

Naja'atu ta kalli ƙofar. Ta kalli tafin hannunta. Har ta ɗaga ƙafar da babu takalmi, sai mata suka sa salati a bayanta. Ta waiwaya. Hajiya Mairama, wadda ba ta yarda an kama ta ba, tana sulalewa a jikin ƙofar zaure, carbin a manne da ƙirjinta, bakinta na kiran sunan da take kira a cikin barci.

"Mama!"

Jibirin ya ga bayanta tana gudu, laka na fallatsa, har mata suka rufe ta ya daina ganinta. Ya ƙara jira kaɗan, ko da yake ya san abin da yake jira ba zai zo ba. Sannan ya miƙa hannu ya ja ƙofar ya rufe.

Mazan nan shida suka sake dafa motar ba tare da an ce musu ba.

Malam Abdurrahim na nan tsaye a kan sandarsa, yana juya kai dama da hagu.

"Na ce wa aka rasa? Kulsum, ke da ba a rasa labari a bakinki, wa aka rasa?"

Kulsum mai ƙosai ta buɗe baki, ta kalli shuɗiyar motar da baƙin sawun hannu a bayanta, ta rufe. Can a kan murhu ƙosanta na ƙonewa.